Ranar da Dogo Ya Ce Gilashi Ruwa Ne

Ranar da Baba ya amince da auren, Auta ba ta sa ko loma a bakinta ba.

Umma ce ta shigo mata da albishir, fuska kamar gonar auduga. Ta tarar da ita a bakin gado, takardun ɗalibanta a cinya, jan biro a hannu, tana zabga wa wata baiwar Allah sifili kamar ita ta yi mata laifin.

"Babanki ya sauko," in ji Umma. "Ya ce Dogo ya turo manyansa."

Auta ba ta ɗago ba.

"Ba ki ji ni ba ne?"

"Na ji, Umma."

"To ina murnar? Ke da kika rame kika koma kamar tsinken tsire a kan yaron nan?"

"Ki ce wa Baba na gode. Amma kada kowa ya turo kowa tukuna."

Umma ta riƙe haɓa, ta nemi kujera ta zauna. Ta haifi 'ya'ya ta aurar, amma wannan ta ƙarshen, har yau ba ta gane inda aka sa mata kan zare ba.

Abin da ya faru kuwa, a falo ya faru, da la'asar ɗin ranar.

Auta malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Dogo kuma wurin wankin mota gare shi a bakin titi: rumfar kwano, tankin ruwa, injin feshi mai tari kamar tsohon mashayin taba. Tun ranar da maganarsa ta shigo gidan, Baba ya yanke hukunci.

"Ban kai 'yata jami'a don ta ƙare a gindin bokiti ba. Ba zan yi miki dole ba, amma bakina ba zai sa albarka a nan ba."

Wanda bakin nasa ke son sa wa albarka shi ne Manaja, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake riƙe da reshen banki, yake kuma zuwa gaisuwa da turare mai shiga ɗaki kafin mai shi.

Dogo bai yi zuciya ba. Kullum da safe sai ya zo da bokitinsa da tsummokaransa, ya goge gilasan tsohuwar motar Baba, ya tafi. Baba bai hana shi ba, bai kuma taɓa amsa gaisuwarsa da abin da ya wuce "uhm" ba. Damina ta zo ta wuce a haka, wata ta sake zuwa.

Shi Baba malamin kimiyya ne shi ma, kafin ya yi ritaya. A saman kabad ɗin littattafansa akwai wani tsohon gilashin taga cikin firam na katako, wanda ya tsinto lokacin da aka rushe ginin makarantar da ya koyar. Duk baƙon da ya zauna a falon nan sai an sauko masa da shi.

"Taɓa sama. To taɓa ƙasa. Ka ji bambanci? Ƙasan ya fi kauri. Gilashi ruwa ne, ɗana. Ruwa ne mai sanyin tafiya. Shekara da shekaru yana gangarowa, ido ba ya gani."

Baƙo ya jinjina kai, ya ce ikon Allah, a mayar da gilashi mazauninsa.

Rannan Manaja na zaune, an sauko da gilashi, sai Baba ya hango Dogo ta taga ya dawo ɗaukar burushin da ya manta. Ko me ya taɓa zuciyar tsohon, oho. Ya ce a kira shi ciki. Karo na farko ke nan da ƙafar Dogo ta taka dardumar falon. Ya rakuɓe a bakin ƙofa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa.

Auta ta shigo da ruwan sha daidai lokacin da Baba ke rufe karatu.

"Ga Auta nan, ku tambaye ta. Abin da take koya wa yara ke nan."

Da bai sa sunanta ba, da ta ajiye tire ta fita kamar yadda ta saba. Tun tana jami'a take haɗiye maganar nan.

"Ba haka nake koya musu ba, Baba."

Baba ya juyo gare ta.

"Me kika ce?"

"Gilashi daskararre ne. Ba ya gangarowa. Masu yin sa a dā ba su da injin da zai fitar da shi sumul, sai wani gefe ya yi kauri wani ya yi siriri. Mai sa taga kuma, in yana da hankali, gefen mai nauyi yake kifawa ƙasa. An samu tagogin da kaurin yake sama, wasu a gefe. In ruwa ne, Baba, ta ina ya hau sama?"

"Ni na koya miki riƙe alli."

"Kai ne, Baba. Kai ne kuma ka ce kada in yarda da abin da ban gwada ba."

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya juya wajen Manaja.

"Kai me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ruwa ne. A ajinka muka ji, da shi muka ci jarrabawa."

Wannan bai dami Auta ba. Manaja ko cewa aka yi rana daga yamma take fitowa, zai tambayi ƙarfe nawa ne don ya je tarya.

Sai Baba ya dubi bakin ƙofa.

"Kai fa, mai wanki? Kullum hannunka na kan gilashi. Ruwa ne ko dutse?"

Auta ta kalli Dogo. Ta san abin da ya sani, don ita ta sanar da shi. Ranar da suka fara haɗuwa, ta kai 'yar motarta wanki, ya yi mata barkwanci cewa wata rana gilashin gaban zai tsiyaye ya sauko kan sitiyari, haka malaminsu ya ce. Ta tsaya a rana tana yi masa bayani har kumfa ta bushe a jikin motar. Ya saurara baki buɗe. Daga baya ya ce mata tun da yake ba a taɓa ƙaryata shi ya ji daɗi ba sai ranar.

Dogo ya sunkuyar da kai, ya murza yatsunsa da sabulu ya cinye.

"Yadda Baba ya faɗa, haka ne. Ruwa ne."

Baba ya yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

"Ashe yaron yana da hankali."

Kafin magariba, ya kira Umma ya ce a turo manya.

*

"To ni ban ga abin fushi ba," in ji Umma, bayan ta gama sauraron abin da ita ma tana bayan labule aka yi shi. "Yaro ya yi ladabi, ya samu abin da kuke nema. Gilashi ya zama ruwa, ya zama madara, ke ina ruwanki? A cikinsa za ki kwana?"

"Umma, a gabana ya ƙaryata ni."

"Ubanki ya girmama."

"Da ni ya biya kuɗin girmamawar."

"Ke dai bakinki ya fi ki girma. Wace 'ya ce take gyara wa ubanta magana gaban baƙi? Ni shekara nawa ina goge ƙurar gilashin can, kin taɓa ji na ce uffan? Zaman duniya haƙuri ne."

"Kowa haƙuri yake cewa, Umma, amma ban taɓa ganin an kai wa Baba nasa kason ba. Kullum mu ake auna wa."

Umma ta miƙe, ranta ya fara ɓaci.

"Ki ji ni da kyau. Ƙannen bayanki a unguwar nan sun yi aure sun yaye. Gwaggonki ta ishe ni da waya, wai ko asiri aka yi miki. Na yi kuka, na yi roƙo, na kwana ina lallashin mutumin nan a kanki. Yau ƙofa ta buɗe, ke kuma kin tsaya kina auna kaurin gilashi. In kika bari ta rufe, wallahi ba da ni ba."

Hawaye ya zubo wa Auta, ta share da bayan hannu, da ƙarfi, kamar tana jin haushinsa.

"Ina son shi, Umma. Shi ya sa abin ya yi min ciwo. Da Manaja ne, ko a jikina."

"To ki je ki gaya masa, ki daina ci min rai."

*

Washegari ba ta da aji sai da hantsi. Ta wuce wurin wankin kai tsaye.

Ta same shi a cikin wata farar mota a ƙarƙashin rumfa, ya karkace a kujerar gaba yana goge gilashi ta ciki. Ba ya taɓa wanke gilashi a rana, ya ce sabulu na bushewa ya bar zane. Tsumma biyu ne a kafaɗarsa, jiƙaƙƙe da busasshe. Ta waje yakan goge daga sama zuwa ƙasa, ta ciki kuma daga hagu zuwa dama, don in zane ya fito ya san ta wane ɓangare yake. A dā takan tsaya kallon hannun nasa har ta makara. Yau ji ta yi kamar ta fizge tsumman ta jefa a kwata.

Ya hango ta, ya fito yana washe baki.

"Malama. Kin ji labari? Jiya ban runtsa ba. Na kira Kawu, ya ce..."

"Ka sake kiran shi ka ce ya dakata."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, bai san inda zai je ba.

"Wani abu ya faru?"

"Gilashi ruwa ne, Dogo?"

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da motar.

"Haba Malama. Wannan maganar ce?"

"Tambayarka na yi."

"Ba ruwa ba ne. Kin sani, na sani. Amma me kike so in yi? Mutumin nan bai taɓa kallon fuskata ba. Ya kira ni falonsa, ga wancan mai turaren a zaune yana jira in yi tuntuɓe. In buɗe baki in ce Baba ka yi kuskure? Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Ba durƙusawa ka yi ba. Ni ka durƙusar, ka taka bayana ka haye."

"Subhanallahi."

"Ina tsaye da tire a hannu kamar 'yar aiki, maza uku sun haɗu sun ce ban san abin da nake koyarwa ba. Biyu ban damu da su ba. Na ukun shi ne wanda ya ce min muddin yana numfashi ba zan tsaya ni kaɗai ba."

"Don ke na yi."

"Kada ka ƙara ce min don ni. Duk wanda zai cuce ni a gidanmu, da don ke yake farawa."

Dogo ya jefa tsumman cikin bokiti, ruwa ya fantsamo masa a wando. Shi ma zuciyar ta fara hawa.

"Ke kin san abin da na haɗiye? Kullum in taso da asuba, in bar wurin sana'ata, in je in goge motar da ko tashi ba ta cika yi ba. In yi gaisuwa a amsa min da hanci. Abokaina suna kirana ɗan wankin surukai. Duk na shanye. Yau kalma ɗaya ta buɗe min ƙofa, kalma ɗaya a kan gilashin da ba ya ci ba ya sha, sai ki ce in mayar?"

"Yau gilashi ne. Gobe in Baba ya ce in bar aiki fa? In Kawunka ya ce matar gidansu ba ta musu da maza? Nan ma za ka sunkuyar da kai ka ce yadda suka faɗa haka ne?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Jiya ba abin da za a yi maka, ba duka ba zagi, ka kasa. Ranar da abin ya yi nauyi ne za ka iya?"

Ya kawar da kai.

"Kuma ka san me ya fi ƙona min rai?" ta ce. "Ba kai Baba ya amince da shi ba. Ya ga ya samu wani mai cewa to, irin Manaja, sai dai wannan ya fi arha. In na shiga gidanka a kan haka, duk ranar da muka zo gaisuwa sai an sauko da gilashin nan, ka shafa, ka ce ikon Allah, ni kuma ina gefe ina kallonka. Har mu tsufa."

Ƙarar hon ta katse su. Wata baƙar mota ta shigo rumfar a hankali, ta tsaya dab da ƙafar Dogo. Turaren ya riga fitowa, sannan Manaja.

Tun da ya san Dogo ne abokin takararsa, bai ƙara kai motarsa wani wuri wanki ba. Yana jin daɗin miƙa masa makulli.

"Ango, ango," ya ce. "Na zo taya murna. Ka iya allonka, wallahi. Ni na yi shekaru ina noma, kai ka zo da kalma ɗaya ka girbe." Ya juya ga Auta. "Malama, ke ma kya sassauta. Wa bai san gilashi ba ruwa ba ne? Tun muna aji ake dariyar abin a bayan Malam. Tsoho ne, a bi shi a hankali, a shafa masa gilashinsa ya ji daɗi. Me ya rage masa?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Dariya kuke yi masa?"

"A'a, ba da mugunta ba. Kin san yara."

"Kake zuwa gidanmu, kake durƙusawa, kake ce masa ranka ya daɗe?"

Manaja ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa wa Dogo makulli.

"A kula da gilashin baya, wancan karon an bar min zane."

Dogo bai karɓa ba. Idonsa na kan Auta.

Ita kuwa ta gyara mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka ji abokin ra'ayinka. Ni na yi wa Baba musu don ina ganin har yanzu malami ne, zai iya jin hujja. Ku kun mayar da shi jariri, kuna kaɗa masa abin wasa. In kana so na, ka koma ka gaya masa abin da ke ranka. In ba za ka iya ba, kada Kawu ya wahalar da takalminsa."

"In na faɗa, zai janye."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kike tura ni?"

Ta riga ta juya. Ba ta so ya ga fuskarta.

*

Kwana biyu Dogo bai zo ba. Ƙura ta kwanta a gilasan motar Baba, har wani ya zana fuska da yatsa a na baya. Umma ta daina yi wa Auta magana sai da ido. Baba kuwa yakan leƙa waje da safe, ya dawo ya ce, "Yaron nan lafiya kuwa?" Wannan tambayar ta fi komai sukar Auta. Ashe ya saba da shi.

A rana ta uku, tana ɗaura agogo za ta fita, ta ji ƙarar bokiti a tsakar gida.

Ta leƙa. Dogo ne, idanunsa sun faɗa. Ya sauke gilashin gefen direba kaɗan yana goge bakinsa na sama, inda datti ke maƙalewa, ya mayar, ya shafa wa na gaba kumfa. Baba ya fito da makulli a hannu da hularsa ta fita unguwa.

"Kai, ina ka shiga? Na ce ko manyan naka ne suka riƙe ka."

"Baba, ina da magana."

"Faɗi, ɗana."

Ɗana. Auta ta dafe ƙofa. Saura kaɗan ta fita da gudu ta rufe masa baki.

Dogo ya durƙusa, soso na ɗiga a hannunsa.

"Rannan ka tambaye ni, na ce gilashi ruwa ne. Ba abin da ke raina ke nan ba. Ni ban yi karatun da zan yi musu da kai ba, Baba, ban san komai a kai ba sai abin da ta gaya min. Amma ita na yarda da ita. Tsoron kada ka kore ni ne ya sa na bi bayanka."

Baba ya dube shi.

"Wato ƙarya ka yi min a falona."

"Eh, Baba."

"Don in ba ka 'yata."

"Eh."

"Yanzu kuma ka zo ka ce min abin da na koyar tun ba a haife ka ba, shirme ne."

"Ban ce..."

"Ajiye soson nan." Muryar Baba ba ta tashi ba. "Kada ka ƙara taɓa min mota. Maganar manya kuma, na janye. Makaryaci rannan, marar kunya yau. Wanne zan ba 'yata a ciki?"

Auta ta fito. Umma na biye da ita tana jan mayafinta, ta fizge.

"Ni na tura shi, Baba."

"Na sani. Wannan aikin da hannunki a ciki." Ya nuna ta da makulli. "Kin fi son ki ga ubanki a ƙasa da ki ga aurenki. To kin samu. Ga Manaja nan, yaron da ya san darajar malaminsa. Shi bai taɓa..."

"Manaja dariya yake yi maka."

Maganar ta fita kafin ta kama ta.

"Auta," in ji Umma, a hankali.

Amma zuciya ta riga ta ci ta, hawaye na zuba tana magana.

"Da bakinsa ya faɗa, gaban Dogo. Ya ce tun suna aji suke dariyar abin a bayanka. Ya ce kai tsoho ne, a shafa maka gilashinka ka ji daɗi. Duk masu cewa ikon Allah a falon nan, Baba, nawa ne suka yarda? Ni kaɗai ce na ɗauke ka da girman da zan gaya maka gaskiya. Ni da wannan da ka kora."

Fuskar Baba ta yi wani irin saki, kamar an zare mata ƙusa. Nan take Auta ta so a ce ƙasa ta tsage. Ta yi shekaru tana son ta ci wannan musun, ba ta taɓa tunanin haka cin yake ba.

Ya buɗe motar ya shiga, ya rufe. Ya zauna a bayan gilashin da kumfa ta lulluɓe, ba a ganin komai nasa sai inuwar hula.

Can sai gilashin gefe ya sauko, faɗin yatsa biyu.

"Mai wanki."

"Na'am, Baba."

"Haka ya faɗa?"

Dogo ya dubi Auta, ya dubi ƙasa, ya ɗago.

"Haka ya faɗa, Baba."

Gilashin ya koma sama. Motar ta yi tari, ta mutu, ta sake tari, ta tashi. Waifa ta share kumfar da ta fara bushewa, ta bar farin zane a gaban direba. A haka Baba ya fita daga gidan, ya karya kan motar ta hanyar bankin Manaja.

Umma ta zauna a dakalin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi.

"Kun huta," ta ce. "Ke da gaskiyarki, kun huta."

Dogo ya tattara tsummokaransa, ya matse soso, ya zubar da ruwan a gindin bango. Bai kalli Auta ba. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na yi abin da kika ce. Ga shi na rasa ki gaba ɗaya. Sai ki je ki koya wa yara."

"Dogo."

"Me kuma ya rage?"

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Muryarta a dushe take.

"Gobe ka zo."

"Ba ki ji shi ba? Ya ce kada in ƙara taɓa masa mota."

"Ba wajen mota za ka zo ba. Ka bar bokitin a gida, ka sa rigarka mai kyau, ka yi sallama ta ƙofar falo. In ya kore ka, jibi ka dawo. Ni zan buɗe maka."